Mai Haɗa Sauti Da Ya Hau Dandali: Shaidarmu Daga Zariya Kan James Murphy Da Ƙungiyarsa

A Zariya idan aka ce mawaƙi zai yi wasa, kowa ya san abin da zai gani. A miƙa wa DJ filashi, ya danna, waƙar situdiyo ta tashi da murya da amshi da komai, mawaƙi ya riƙe makirufo yana bi a sama. Haka ake yi a ɗakunan biki na Sabon Gari da Tudun Wada, haka ɗalibai ke yi a Samaru da Kongo. Mu masu ɗaukar lasifika da jan waya ba mu raina wannan ba, da shi muke cefane. Sai dai yanzu akwai samari da ke haɗa kiɗan rawa a kwamfuta cikin ɗakunansu, kuma tambayarsu ɗaya ce: yaya za a fito da kiɗan na'ura gaban jama'a a buga shi da hannu, da makaɗi mai zufa, ba tare da ya wargaje ba? Domin su nake ba da wannan shaida, kan James Murphy na ƙungiyar LCD Soundsystem, ɗan sana'armu da ya fara daga bayan mikisa, wato na'urar haɗa sauti.

An haifi James Murphy a 1970 a jihar New Jersey ta Amurka. A shekarun 1990 ya buga ganguna a ƙananan ƙungiyoyi biyu, Pony da Speedking, waɗanda ba su yi wani tashe ba. Abin da ya riƙe shi shi ne haɗa sauti. Ya bi wata ƙungiya mai suna Six Finger Satellite gari-gari yana kafa musu lasifika, kuma daga laƙabin da ya sa wa kayan nasa, Death From Above, ne sunan kamfanin DFA ya samo asali, kamfanin fayafayan da ya kafa a New York a 2001 tare da Tim Goldsworthy, ɗan Ingila, da Jonathan Galkin. Ba su jira babban kamfani ya ɗauke su ba. Su suka ɗauki sauti, su suka buga faifai, su suka kai kasuwa. A 2002, yana da shekara 32, ya fitar da waƙarsa ta farko da sunan LCD Soundsystem, waƙar mutumin da ke ganin yara na ƙwace masa fage. A harkar da ake ganin ɗan shekara 25 ya fara tsufa, wannan makara ce sosai, amma ya zo da abin da yaran ba su da shi. Ya riga ya san abin da ke faruwa da waƙa idan ta fita daga situdiyo ta shiga ɗaki mai mutum ɗari biyar.

A situdiyo Murphy kan buga yawancin kayan da kansa. Da aka fara kiransa wasa, hanya mai sauƙi ita ce irin tamu, ya zo da kwamfuta ya danna. Sai ya tara abokai: Pat Mahoney a ganguna, Nancy Whang a fiyano da amshi, Tyler Pope a bes, daga baya Al Doyle na ƙungiyar Hot Chip ta Landan ya shigo da jita. Duk wanda ya kalli bidiyon wasanninsu da idon sana'a zai lura da abu biyu. Na farko, a cunkushe suke, mutum bakwai ko takwas da tarin na'urori a tsakiyar dandali, komai faɗinsa. Na biyu, makaɗin ganguna ba a jefa shi can baya ba, yana gaba a gefe inda kowa ke ganin hannunsa. Wannan ba ado ba ne, lissafi ne.

Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, a zafin Zariya ya ɗan fi haka. Wato kowace mita na cin kusan kashi 3 cikin 1000 na daƙiƙa. Kiɗan rawa irin wannan yana gudu tsakanin bugu 120 zuwa 130 a minti. A bugu 125, tsakanin bugu da bugu kashi 480 ne cikin 1000, ƙaramin yanka na huɗu kuma 120. To ɗauki ɗakin biki irin namu, rufin kwano, daɓen tayil, bangon siminti, tsawonsa mita 25. Bugun ganga ya tafi bangon baya ya dawo, ya yi mita 50, ya ci kusan kashi 145. Makaɗin da ke sauraron ɗaki maimakon na'ura zai ji bugu biyu, ya bi na ƙarya, ya fara ja baya, mai bes ya bi shi, na'ura kuwa ba ta jiran kowa. Cikin minti ɗaya kiɗa ya rabu gida biyu, masu rawa su tsaya suna kallon juna. Shi ya sa ake matse makaɗa wuri ɗaya, tazarar mita biyu zuwa uku, kowa na ganin sandar makaɗi.

Idan akwai na'urar da ke maimaita kiɗa da kanta, ita ce sarki, a amince da haka tun farko. Na'ura ɗaya tak za ta ba da agogo, wato lokacin kiɗa, sauran su karɓa ta wayar MIDI mai haɗa na'urorin kiɗa, wadda ke aika alama 24 a kowane bugu. Kada wayar ta wuce mita 15, kuma kada a jera na'ura huɗu ko biyar a sarƙa ɗaya, gara a sayi ɗan akwatin rabawa. Makaɗi kuma a ba shi ƙyas-ƙyas ɗin agogo a kunne. A nan ne samari ke faɗuwa: suna fitar da komai ta ramin iyafis na kwamfuta, sai ƙyas-ƙyas ya fito a manyan lasifiku kowa ya ji. Ana buƙatar akwatin sauti mai mafita huɗu. Ta 1 da ta 2 su tafi mikisa da kiɗa, ta 3 ta tafi kunnen makaɗi kaɗai, ta 4 a bar wa bes domin mai mikisa ya iya juya shi daban. A cikin kwamfuta a saita ma'ajin sauti, wato buffer, a 128; a saurin ɗaukar sauti na 48,000 a daƙiƙa jinkirinsa bai kai kashi 3 cikin 1000 na daƙiƙa ba. Idan aka bar shi a 512 ko 1024 mai fiyano zai danna ya ji sauti ya makara, hannunsa ya rikice. A kashe intanet, a kashe duk wata sanarwa, a hana kwamfuta barci.

Kundin LCD Soundsystem na farko ya fito a 2005, na biyu a 2007, na uku a 2010. Wanda ya saurari fayafayan DFA na wancan zamani ya san ƙarar wani ɗan ƙarfe da suke bugawa a kan kiɗa, kamar kugen da ake ji a fadar Zazzau. Amfaninsa a wasa babba ne. Ƙarfe yana ratsa hayaniya inda bes ke narkewa, masu rawa da makaɗa duka su kama lokaci da shi.

Mu a nan abin da muke da shi da ya fi wannan shi ne kalangu, kuma duk saurayin da ya bar shi ya ɗauko kwaikwayon kalangu na cikin fiyano ya yi asara. Amma haɗa kalangu da na'ura yana da sharuɗɗa. Makaɗin kalangu ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka makirufo na kan sanda ba ya aiki; a maƙala ƙarami a bakin kalangun, ko a ɗaure shi da kyau nesa da fata da kamar santimita 10, ban da kan tsirkiya, domin matsawar hammata za ta shiga. A mikisa a yanke masa duk abin da ke ƙasa da Hz 100 (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne), kada ya yi kokawa da babbar ganga wadda ƙarfinta ke wajen 50 zuwa 60. Matsala mafi girma ba ta waya ba ce. Makaɗinmu ya saba bin magana da bin ƙafar mai rawa. Idan hajiya ta fito liƙi zai ja kiɗa, ya ƙara wuta, ya jira mai kirari ya gama. Kwamfutar da aka jera wa waƙa daga farko zuwa ƙarshe ba ta san an fito liƙi ba, za ta wuce abinta. Maganin shi ne a yanka kowace waƙa gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa zagaye 8 ko 16, ta riƙa maimaituwa har sai an danna maɓalli an wuce gaba. Mutum ɗaya ke da maɓallin, idonsa na kan makaɗi. Da wannan za a iya tsayawa minti biyar a gaɓa ɗaya ana zuba kuɗi, babu wanda zai san akwai na'ura.

A farkon 2011 Murphy ya ba da sanarwar rufe ƙungiyar tana kan ganiyarta. Wasan bankwana a Madison Square Garden da ke New York, zauren da ke ɗaukar kusan mutum 20,000, ranar 2 ga Afrilu 2011. Tikiti ya ƙare nan take, 'yan kasuwar bayan fage suka tsauwala farashi, har sai da ƙungiyar ta ƙara dare huɗu a wani zaure mai suna Terminal 5 kafin babbar ranar. An roƙi jama'a su sa fari da baƙi. Wasan ya kusa awa huɗu, kuma a 2014 aka fitar da shi a fayafai biyar. Awa huɗu ana buga bes babu hutu jarrabawa ce ga kaya fiye da mutane, kuma a nan ne labarinsu ya haɗu da babban ciwonmu, wato wuta.

Kada a dogara da wutar gari ko da an wuni da ita. Janareto za a tayar tun daga gwaji, kuma na sauti daban, na fitilu da fanka da firjin lemo daban. Firji idan ya tashi yana fisgar wuta, a ji ƙas a lasifika. Ga ɗakin mutum 300 zuwa 500, mai manyan wufa biyu na inci 18, wato lasifikun bes, lasifikun sama huɗu da monita huɗu da makaɗa ke jin kansu da su, ni ba na yarda da janareton da ke ƙasa da kVA 10, wanda a aikace kilowat 8 ne. Ba don kayan na shan haka kullum ba. Don bugun bes yana jan wuta ne a fisge, ƙaramin inji kuma kafin ya farga wuta ta faɗi, amfilifaya ta shaƙe, kwamfuta ta mutu. Injin zai tsaya nesa saboda ƙara da hayaƙi, mita 40 ko 50, a waje, ban da lungu rufaffe. Nan waya ta shigo. Wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 2.5, a tafiyar mita 50 da nauyin amfiya 20, tana zubar da kusan bolt 15 a hanya. Mai kaurin 6 tana zubar da kamar 6. Ƙarin kuɗin wayar bai kai kuɗin gyaran amfilifaya ɗaya ba. A warware waya gaba ɗaya daga kan nadi, wadda ke nannaɗe zafi take yi har roba ta narke. Kwamfuta da mikisa da fiyano a sa su kan UPS, akwatin batir mai riƙe wuta idan ta ɗauke, domin mikisa ta zamani idan ta mutu tana iya cin rabin minti kafin ta farfaɗo, rabin minti na shiru kuma a tsakiyar casu shekara ne.

Mai sayen kayan gwanjo ya juya bayan na'ura ya karanta kafin ya soka. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Idan an rubuta 100 zuwa 240, lafiya. Idan 120 kaɗai aka rubuta, sai da taransifomar rage wuta mai ninkin ƙarfin da na'urar ke buƙata. In ba haka ba ƙauri za a ji, an gama.

Akwai ɗabi'a ɗaya da nake roƙon 'yan'uwa masu sana'a mu bari. Idan lasifika na ƙugi, wasu kan karya ƙafar ƙasa ta fulogi, ƙugi ya ɗauke, a yi murna. Wannan ƙafar ita ce tsakanin mawaƙi da kabari. Ranar da wuta ta zubo jikin amfilifayar jita, mai jita ya kai leɓe makirufo, jikinsa ne hanya. Ƙugin yana zuwa ne idan kayan dandali da mikisa suna shan wuta daga wurare biyu. A ciyar da su daga tushe ɗaya, a bi da kwamfuta da fiyano ta akwatin DI, ɗan akwatin da ke shiga tsakanin na'ura da mikisa, a danna maɓallinsa na ɗage ƙasa. Wannan yana yanke ƙasan wayar sauti ne kawai, bai taɓa na wuta ba. Janareto a kafa masa sandar ƙasa, a rani a zuba mata ruwa domin busasshiyar ƙasa ba ta ɗaukar komai, kuma a sa burekar kariya mai faɗuwa a miliamfiya 30. Da damina, musamman Agusta, duk mahaɗar waya a ɗaga ta daga ƙasa.

Bayan bankwana Murphy ya koma inda ya fito. A 2013, a birnin Manchester, shi da 'yan'uwa biyu 'yan Beljiyam, David da Stephen Dewaele, da injiniya John Klett, suka fito da wani tsarin lasifika mai suna Despacio: dogayen hasumiyoyi da aka kewaye filin rawa da su, amfilifayoyin McIntosh, ƙarfin da ya kai wat 50,000, faifan garmaho kaɗai ake sawa, masu sawar kuma a ɓoye a gefe. Samarinmu idan suka ji 50,000 sai su ɗauka don a fasa kunne ne. Akasin haka. An tara ƙarfin ne domin kada a taɓa kai kaya maƙura. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙara, abin da kunne ke ji kaɗan. Abin da ke ƙona tuwita, ƙaramar lasifikar siririn sauti, a Zariya ba babbar amfilifaya ba ce, ƙarama ce da aka murɗe har jar fitila ta tsaya cak. Jar fitila ta ƙyafta lokaci-lokaci ba laifi. Idan ta zauna, a rage. Lasifika mai om 8 (ma'aunin turjiyarta ga wuta) guda biyu a layi ɗaya sun zama 4, guda huɗu sun zama 2, kuma a zafin Maris da Afrilu amfilifayar da aka ɗora wa 2 za ta kashe kanta kafin a kai rabin wasa. A tsaya a 4, a bar tazara a bayanta, a sa mata fanka. Wufa a raba su da na sama a wajen Hz 80 zuwa 100, a haɗa su wuri ɗaya a tsakiya gaban dandali idan da hali. Idan aka raba su dama da hagu, tsakiyar ɗaki zai cika da bes, gefe kuma a samu wuraren da babu shi sam.

Tsuwwar makirufo ma ba ƙaddara ba ce. Monita ta zauna daidai bayan makirufo, mawaƙi kada ya dunƙule kan da tafinsa, domin rufe ramukan baya yana sa ya ji ta ko'ina. Kafin jama'a su shigo a ɗaga murya a hankali har tsuwwa ta fara, a nemo ta, galibi tsakanin Hz 2,000 da 4,000 take, a rage wurin kaɗan, a maimaita sau biyu ko uku, a tsaya. Wanda ya rage wuri goma ya kashe muryar. A tuna kuma ɗaki fanko ƙarya yake yi. Jikin mutane da manyan riguna suna shanye kuwwa, abin da ya yi kaifi da la'asar zai yi daidai da dare. Hunturu kuma nasa aikin daban: ƙura na shiga maɓallan mikisa su riƙa ƙarzawa. A hure da iska, a fesa ruwan wanke mahaɗa, ban da fetur ko man inji. Tsofaffin fiyano masu sautin lantarki zalla, irin waɗanda Murphy ke tarawa, suna sauka daga murya idan zafi ya canza. A kunna su minti 20 zuwa 30 kafin a daidaita, a sake dubawa bayan ɗaki ya cika.

Ƙungiyar LCD Soundsystem ta dawo. A jajibirin Kirsimetin 2015 suka saki waƙa, a 2016 suka jagoranci Coachella, babban bikin kiɗa na Amurka. Wasu masoyan da suka kashe kuɗi suka je bankwana sun ji an yaudare su, har Murphy ya rubuta musu doguwar takarda yana ba da haƙuri. A ganina suna da gaskiya, bankwana ba abin wasa ba ne. Amma kundin 2017 ya hau na ɗaya a jerin Billboard na Amurka, karo na farko gare su, kuma a 2018 suka karɓi lambar yabo ta Grammy a rukunin kiɗan rawa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suka sauya tsarin wasa: maimakon kwana ɗaya a kowane gari, sai su zauna a zaure ɗaya dare da yawa. Su suka buɗe zauren Brooklyn Steel na New York mai ɗaukar mutum 1,800 a Afrilun 2017, kuma a ƙarshen 2021 suka tsara dare 20 a can, annobar korona ta hana ukun ƙarshe.

Wannan shi ne abin da ƙaramar ƙungiya a Zariya za ta iya kwaikwaya gobe ba tare da ƙarin kuɗi ba. Yawancin kaya a mota suke lalacewa, ba a dandali ba, kuma kowane sabon ɗaki sabuwar matsala ce. A zaɓi ɗaki ɗaya, a yi magana da mai shi kan rana ɗaya a wata, a sanar da mai unguwa, a tsara lokaci yadda za a dakata don sallar magariba da isha'i, a tashi kafin maƙwabta su fara ƙorafi. A karo na farko a rubuta komai: inda kowace lasifika ta tsaya, a sa alama da tef a ƙasa, lambar kowace waya a bakinta biyu, hoton mikisa bayan an gama gwaji. Karo na uku kafa kaya zai koma rabin lokacinsa. A ajiye na'urar auna ƙara ko da ta wayar hannu ce a wurin mikisa. Desibel 85 kunne na jurewa awa 8, kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, a 100 minti 15 ne kawai, don haka makaɗi da mai mikisa su sa toshiyar kunne. Wajen kunnawa a fara da kwamfuta da fiyano, sai mikisa, amfilifaya ta zo ƙarshe. Wajen kashewa amfilifaya ce farko, kuma sai an sauke bureka sannan yaron inji ya kashe janareto.